Gonar Malam Barau Ta Fito Ja

Shekara talatin da ɗaya Malam Barau ya yi yana aikin gandun daji a Gumel. Da ya yi ritaya bai zauna a birni ba, ya kwashe iyalinsa ya koma ƙauyensu, Dungun Tanko, a ƙasar Sule Tankarkar. Can mahaifinsa ya bar masa wata gona ta jigawa wadda kowa ya san ba ta fid da komai sai ƙarangiya. Tun yana bakin aiki, duk damina sai ya ɗoro dashen dakwara a bayan babur ya zo ya dasa a cikinta, layi-layi, ya bar fili a tsakani. Mutanen gari sun yi ta yi masa dariya, suna cewa Barau yana noman ƙaya.

Bayan shekara ashirin dariyar ta ƙare. Itatuwan sun kama, rairayin ya daina tafiya, ganye ya ruɓa ya yi ƙasa. Da rani yana tsaga dakwarar ya sami ƙaro, da damina ya shuka gero da riɗi a tsakanin layukan. A bayan gidansa kuma ya kewaye wani lungu da zana, inda yake renon dashe a leda yana raba wa duk mai so kyauta.

A daminar shekarar dubu biyu da ashirin da biyu aka yi ruwan da tsofaffin garin suka ce ba su taɓa ganin irinsa ba. Gefen gonar na gabas kwari ne. Ruwa ya kwanta a wurin har wata biyu, dakwara kuwa ba ta shiri da ruwa kwance. Kafin rani ya raba, itatuwan kwarin duk sun bushe a tsaye. Malam Barau ya yi ta zagaya su yana ɓare ɓawo da farce ko zai ga ɗanye, bai gani ba. Ya sa aka sare su, matarsa Lauratu ta yi girki da su shekara guda. A gurbinsu ya dasa sababbi, ƙanana, ya ci gaba da shuka riɗi a tsakani kafin su tasa.

Shekara biyu bayan haka, gab da faɗuwar damina, wata yarinya ta zo garin a motar kamfani. Sunanta Rayhana, 'yar Gumel ce, tana aiki da wani kamfanin Kano mai fitar da riɗi ƙasashen waje. Malam Barau ya san mahaifinta, sun yi aiki a sakatariya ɗaya. Aka tara manoma a ƙofar gidan mai gari. Alhaji Sabo, shugaban ƙungiyar manoman riɗi, ya gabatar da ita.

Ta ce masu sayen kayansu a Turai suna son riɗin wannan yanki, kuma za su saya da daraja fiye da kasuwar Maigatari. Sai dai akwai sharaɗi. A ƙasashensu an fito da dokoki saboda sauyin yanayi, wasu kayan gona ba za su shiga ba sai an nuna ba a sare daji aka noma su ba.

"Riɗi ba ya cikin jerin kayan da dokar ta lissafa," in ji ta. "Amma kamfanin da ke saya a wurinmu ya ce shi ba zai raba ɗaya biyu ba. Duk abin da zai saya, sai ya san gonar da ya fito. Za mu zagaya gonar kowa da waya, mu ɗauki iyakarta. Su kuma can su duba hotunan tauraron ɗan'adam, su ga ko akwai daji a wurin daga ƙarshen shekarar dubu biyu da ashirin zuwa yau."

Wani daga baya ya ce, "Mu ina muka ga daji balle mu sare?"

Aka yi dariya. Alhaji Sabo ya nuna Malam Barau da sandarsa ya ce, "In dai maganar itace ce, ga limaminmu nan. Shi za a fara ba wa lambar yabo."

Ranar Malam Barau ya koma gida da fara'a. Ya ce wa Lauratu, "Kin ga abin da nake faɗa tun ina da baƙin gashi? Yau ga shi Turawa sun mai da shi doka."

"To Allah Ya sa alheri, Malam," ta ce, tana tankaɗe.

Washegari shi da kansa ya zagaya da Rayhana gonarsa. Tana tafe riƙe da waya, yana gaba yana ture mata rassa. Da suka shiga tsakiyar tsofaffin itatuwan ta tsaya, ta gyara mayafi, ta ce, "Baba, nan kamar ba ƙasar Gumel ba. Iskar ma daban."

"Ɗaya bayan ɗaya na dasa su, 'yata. Wasu da ruwan buta na raine su."

Ya nuna mata kwarin, ya ba ta labarin ruwan da ya kashe itatuwan wurin, ya nuna mata ƙananan da ya mayar, waɗanda ba su wuce ƙugunsa ba. Ta ɗauki hotonsu ta ce za su yi daɗin gani a rahoto.

A wannan daminar ɗansa Taufiq ya dawo gida. Shekara shida yana tuƙa a daidaita sahu a Kano, man fetur ya gagara saye, ga mata da 'ya'ya biyu. Da ya ji labarin kamfanin ya tattaro ya dawo, uban ya yanka masa rabin gonar ya ce ya noma riɗi. Suka yi aiki kafaɗa da kafaɗa. Ruwa ya yi jinkiri, ya kuma ɗauke da wuri, amma gonar Malam Barau tana riƙe laima, riɗinsu ya fi na kowa cika.

Da kaka manoma arba'in da uku suka kai riɗinsu sito ɗaya, kamar yadda kamfanin ya tsara. Aka zube shi wuri guda, aka sheƙe, aka tace, aka ɗura a sababbin buhuna masu tambari. Aka zauna jiran tirela.

Tirela ba ta zo ba. Rayhana ce ta zo ita kaɗai, da hantsi, ta wuce gidan Malam Barau kai tsaye ba ta biya ta wurin Alhaji Sabo ba. Ta durƙusa ta gaishe shi a zaure, ta ƙi shan ruwan da aka kawo mata. Ta buɗe kwamfuta a kan tabarma.

"Baba, sakamakon ya fito. Ina so ka fara gani kafin kowa."

Taswirar garin ce, gonaki a jere kamar facin riga. Duk kore ne. Ɗaya ce kawai ja, a arewa maso gabas.

"Wannan ta wace ce?" ya tambaya, ko da yake ya gane siffarta.

"Taka ce, Baba."

Ta nuna masa hotuna biyu. A na farko, wanda aka ɗauka shekara huɗu da suka wuce, gonar duhu ce tun daga yamma har gabas. A na biyu gefen gabas ya yi fari.

"Na'urarsu ta ɗauki itatuwanka a matsayin daji, saboda inuwarsu ta rufe ƙasa. Da ta ga wannan gefen ya buɗe, kuma an shuka riɗi a wurin, sai ta rubuta an sare daji an yi gona."

Malam Barau ya daɗe yana kallon hoton. Sannan ya ce, "Su sauran fa? Ta Alhaji Sabo da babu ko kargo a cikinta?"

"Tun da can fili ce, yanzu ma fili ce. Babu abin da ya ragu."

"Wato wanda bai dasa ba bai sare ba."

Ta rufe kwamfutar a hankali ta ce akwai sauran magana. Tunda an gauraya riɗin a sito, ba yadda za a ware nasa. Masu sayen sun ce ba za su karɓi ko buhu ɗaya daga Dungun Tanko ba a bana.

Kafin azahar labari ya gama gari. Babu wanda ya zo ya zage shi. Abin da ya fi zagi aka yi: a masallaci aka gaisa da shi a taƙaice, kowa ya sa takalmi ya wuce. Wata maƙwabciya ta aiko a karɓo turmin da ta ara wa Lauratu tun bara.

Rayhana ta ce akwai hanyar ƙorafi. A ƙa'idar masu sayen da kansu, itacen da mutum ya dasa a gonarsa ba daji ba ne. In ya kawo shaida cewa shi ya dasa, kuma ruwa ne ya kashe na kwarin, za a iya gyarawa.

Ran Litinin ya hau motar Gumel. Tsohon ofishinsa na nan yadda ya bar shi, sai dai rufin ɗakin ajiya ya rufta ta kusurwa ɗaya. Jami'in da ke wurin yanzu, Yazid, ya miƙe tsaye da ya ji sunansa, ya ce sun sha jin labarinsa. Suka shiga ɗakin tare suna neman rajistar rabon dashe ta shekarun baya. Sun sami kwalayen. Da Yazid ya ɗaga na farko sai gindinsa ya zube, gara ta mai da takardun ƙasa. Na biyu ruwa ya manne shi ya zama dunƙule ɗaya. Malam Barau ya ɓamɓaro wani shafi, ya gane rubutun hannunsa a kai, amma ba a iya karanta komai sai rabin kwanan wata.

"Ranka ya daɗe, bari in rubuta maka wasiƙa," in ji Yazid. "Kowa a nan ya san gonar nan dashe ce."

Ya rubuta, ya buga hatimi. Mai gari ma ya sa hannu a wata, limami ya sa a wata. Rayhana ta haɗa da hotunan ƙananan itatuwan da ta ɗauka, ta aika.

Mako uku ana jira. Riɗin na sito, 'yan ƙungiya na zuwa suna leƙa shi. Sannan ta kira shi a waya ta ce tana Gumel, ko zai iya zuwa? Suka haɗu a gidan mahaifinta, a ƙarƙashin rumfa.

"Sun amsa, Baba. Sun ce ba su ƙaryata ka ba. Amma wasiƙar hukumar gida ba ta isa ba, sai mai bincike mai zaman kansa, wanda suka yarda da shi, ya zo ya gani da idonsa."

"To ya zo mana. Ga gona nan, ba ta tafi ko'ina ba."

"Kamfanin binciken ya ce ba ya tura ma'aikatansa kusa da iyaka. Sun sa yankinmu cikin wuraren da ba sa zuwa."

"Me aka yi a yankin namu?"

"Ba a yi komai ba. A taswira suka duba, suka ga muna kusa da Nijar."

Ya cire hularsa ya riƙe a hannu. "Rayhana, ki faɗa mini gaskiya, ke kin yi magana da su baki da baki?"

"Na yi, Baba. Wata mata ce, kuma ta saurare ni. Har ta ce abin ya taɓa ta. Amma ta ce gonaki dubu goma sha suke dubawa a ƙasashe shida. In suka karɓi mai ja ɗaya, aka zo aka bincike su, su za a hukunta. In suka cire ta, ba abin da ya same su." Ta sunkuyar da kai. "Na gaya wa manajanmu ni na zagaya gonar, ni na ga itatuwan. Ya ce in bar maganar haka, kada masu sayen su ga kamar muna da rigima su koma wata ƙasa."

"In na sake dasa kwarin ya rufe kamar da fa?"

"Ko ya fi da. In gona ta fito ja, ta fito ke nan. Ba su da hanyar mai da ita kore."

Mahaifinta, wanda ke gefe a kujera yana sauraro, ya ce, "Barau, hayaƙin da ya rikita mana damina ba daga murhun Lauratu ya tashi ba. Su suka yi shi, su kuma suke riƙe da alƙalami." Malam Barau ya mai da hularsa, ya yi sallama.

Bayan kwana biyu Alhaji Sabo ya zo gidansa bayan la'asar. Tare suka yi makarantar allo, tare aka yi musu kaciya. Ya zauna a bakin tabarma, ya yi ta gaisuwa har ta ƙare, ya sake tambayar iyali.

"Faɗi abin da ya kawo ka, Alhaji."

"Malam Barau, ka san ba ni da bakin faɗa. Kamfani ya ce baɗi za su saya, amma sai in gonarka ba ta cikin rajista. Jama'a sun zauna. Na ce a jira, suka ce wake ɗaya shi ke ɓata gari."

"Ni ne waken."

"Ba ni na faɗa ba."

"Kai ka kawo." Sannan Malam Barau ya ce, "Ku cire ni. Ba zan hana mutum arba'in da biyu cin abinci ba. Amma Taufiq fa? Shi me ya yi?"

"Gonar suka sa wa ja, ba sunan mutum ba. Duk wanda ya noma ta haka ne."

Aka buɗe siton aka mayar wa kowa awonsa. Kowa ya nemi mota ya nufi Maigatari ran Alhamis, kuma da yake duk a rana ɗaya suka sauke, dillalai suka ga idonsu, suka karya farashi. Malam Barau da Taufiq suka tsaya a rumfar Dalhatu, wani dillali mai faɗin baki da ya daɗe yana sayen ƙaro a wurinsa. Dalhatu ya soka hannu a buhu, ya murza, ya hura, ya faɗi farashin da ya sa Taufiq juya baya.

"Haba Dalhatu," in ji Malam Barau. "Ka dubi kayan nan."

"Na duba, Malam. Wallahi babu wanda ya fi shi a kasuwar nan yau. Amma ba shi da takarda. Yanzu riɗi iri biyu ne, mai takarda da marar takarda."

"Kai kuma ina za ka kai marar takardar?"

Dalhatu ya waiga, ya matso. "Akwai manyan gonaki da suka fito kore, masu ɗaruruwan eka. Abin da suke nomawa bai kai rabin abin da takardarsu ta ce ba. Ina kake tsammani suke cike gurbin? Wannan buhun naka, in Allah Ya yarda, jirgin da ya ƙi ɗaukarsa da sunanka shi zai ɗauke shi da sunan wani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi."

"Kuma ka san haramun ne."

"Na sani. To ka mai da shi gida ku yi kantu."

Suka sayar. Suka hau mota, suka wuce Gumel. Sai da suka sauka a bakin hanya suna jiran babur Taufiq ya ce, "Baba, da ka bar busassun a tsaye fa?"

"Da na san tauraro na kallo, da na bar su," in ji uban. Ya faɗa ne da niyyar wasa, amma ba wanda ya yi dariya.

Rani ya shiga. Wata safiya Malam Barau ya fita duba ƙaro, ya biyo ta gonar Alhaji Sabo. Shekara uku da suka wuce ya ba shi dashen dakwara sittin da gawo goma, sun dasa su tare a gefen arewa don tare iska. Sun kama, wasu sun kai ƙirji. Ya tarar da Alhaji Sabo da 'yan ƙwadago biyu suna tumɓuke su da diga, suna tarawa gefe.

"Sabo!"

Rabon da ya kira shi ba Alhaji tun kafin ya je Makka. Alhaji Sabo ya miƙe yana share gumi.

"Me suka yi maka?"

"Ba su yi mini komai ba tukuna. Malam, ka yi lissafi da kanka. Yau ƙanana ne, tauraro bai gan su ba. In suka girma ya gan su, ya rubuta daji. Ranar da fari ko ruwa ya kashe guda goma, ni ma na zama ja. Gara in cire su tun ba a san da su ba."

"Rayhana ta ce layi ɗaya ba ya zama daji."

"Rayhana ta ce kai za a fara yabawa." Nan da nan ya ji nauyin maganar, ya sassauta murya. "Ka yi haƙuri, ni na faɗi wannan, ba ita ba. Amma wa ya san abin da na'urar za ta gani? In ta yi kuskure, wa zan kai wa ƙara? Kai da ka san ofis-ofis ina ka kai?"

"Iska za ta binne maka shuka."

"Ta binne, in sake. In aka sa mini ja, ba sakewa. 'Ya'yana goma sha ɗaya, Malam."

Malam Barau ya sunkuya ya ɗauki gawo ɗaya daga tarin. Saiwar ta tsinke a tsakiya, ba ta dasuwa. Ya ajiye shi ya wuce.

Ba Alhaji Sabo kaɗai ba ne. Kafin watan azumi, kusan duk dashen da ya raba a shekarun nan an cire shi. Wasu da rana suka yi, wasu suka saki awaki a kai don kada a ce su ne. Labarin ya tsallaka ƙauyukan maƙwabta har ƙasar Gagarawa, inda ake cewa wani tsoho a Sule Tankarkar ya dasa itace Turawa sun hana sayen kayansa. Masu gawayi suka ji, suka fara zuwa da kansu suna tambaya ko akwai mai son a rage masa itace. Biyu sun zo ƙofar Malam Barau. Ya ce wa Lauratu ta ce ba ya nan, alhali suna jin tarinsa.

Bayan sallah Taufiq ya same shi a zaure ya zauna nesa kaɗan.

"Baba, na yi magana da mai a daidaitar da nake ja. Ya ce in dawo."

"Gonar fa? Gero ba ya son takarda."

"Gero za mu ci, Baba, ba musu. Amma makarantar yara da magani da sutura, riɗi ne. Na nemi aron gona a gari, kowa yana tsoro, gani suke jan zai bi ni. In na zauna, kai zan zame wa nauyi."

Uban ya so ya ce wani abu game da ƙaro, sai ya tuna ƙaron bana bai cika buhu biyu ba, zafi ya yi yawa itatuwan sun ƙi zubarwa. Ya ce, "Allah Ya tsare. Ka bar mana yaran su kwana biyu."

"Uwarsu ba za ta yarda ba."

Suka tafi ran Asabar a motar farko. Lauratu ta raka su bakin hanya, ta dawo ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Rayhana ta sake zuwa sau ɗaya, gab da damina, don sabunta rajistar sauran manoman. Ta biyo ta gaishe shi. Ta ce ta rubuta rahoto a kan cire itatuwan da ake yi, ta aika wa matar nan ta Turai. Matar ta amsa cewa abin takaici ne, za a tattauna shi a taron da za su yi a ƙarshen shekara.

"Ta ce ko za ka yarda a sa labarinka a cikin takardar taron, ba tare da suna ba."

"Su sa," in ji shi. "Da sunan ma su sa. Me ya rage?"

A lungun bayan gida akwai sauran dashe wajen ɗari biyu a leda, waɗanda ya shuka tun kafin a fara wannan magana. Saiwoyinsu sun fara huda leda suna shiga ƙasa. Ya yi shela a masallaci cewa duk mai so ya zo ya ɗauka. Babu wanda ya zo. Ya je makarantar firamare, hedimasta ya ce filin makaranta malamai ke nomawa, kuma biyu daga cikinsu suna cikin rajistar kamfani.

Lauratu ce ta ce, "Malam, ka kai maƙabarta mana. Katangar ta zube ta arewa, rairayi yana hawa kan kaburbura."

Ya je ya sami liman, liman ya ce ba laifi. Da ruwan farko ya sauka ya ari amalanke ya kwashe su zuwa can. Shi kaɗai ya yi ta haƙa, kwana tara, yana hutawa in bayansa ya riƙe. Ranar da ya gama aka yi iska mai ƙarfi kafin ruwa, irin ta farkon damina. Da safe gonakin arewacin gari sun koma fari fat, rairayi ya rufe geron da ya fara tsirowa. Ya ga mutane a duƙe suna tonon shuka da hannu ko za su ceci wani abu. Alhaji Sabo na cikinsu. Ya ɗago, suka haɗa ido daga nesa, ya ɗaga hannu, Malam Barau ya ɗaga masa.

Daga nan ruwa ya ɗauke kwana ashirin da shida. Rijiyar burtsatsen garin ta ja baya, ana layi tun asuba, mutum ba ya samun fiye da jarka biyu. Malam Barau yana ɗaukar ɗaya ya kai maƙabarta a kan keke, yana zuba wa kowane dashe rabin gwangwani, yau wannan layi, gobe wancan. Lauratu ba ta hana shi ba, sai dai ta rage wanki.

Wata ranar Talata ya dawo da hantsi, ya jingine keken, ya zauna a gindin zana da jarkar a gabansa. Ta leƙo daga madafa.

"Nawa suka rage?"

"Ban ƙirga ba. Na layin gabas duk sun tafi."

"Gobe ma za ka kai?"

Ya dubi sama. Babu ko gizagizai.

"Zuba mini ruwa in sha tukuna," ya ce.